Geron Inna Tabawa

Ruwan bana ya sauka da wuri, kuma har yanzu bai yi mana rowa ba. Jiya da la'asar ya sake zubowa ina zaune a ɗakin da 'yata Rahila ta ba ni a nan Dutsin-Ma, kwanon rufi yana ta ƙara har ba ka jin maganar na kusa da kai. Da ya ɗauke, ƙamshin ƙasa ya shigo ta taga, sai na tarar da kaina ina laluben takalmi. Jiki bai san an yi gudun hijira ba. Damina ta uku ke nan ban taka gonarmu da ke bayan Wurma ba, tun da 'yan bindiga suka mai da hanyar tasu. Mu muna gari muna sayen gero a kwano, ciyawa tana can tana shan ruwanmu.

Rahila ta ce, "Mama, ki bar bakin tagar nan, sanyi zai kama ki." Na ce mata to, amma ban matsa ba. Ita ba za ta tuna shekarar da nake hangowa ta tagar ba, domin a bayana ta yi ta, tana goye. A wancan lokacin gona a buɗe take, ba mai tare ka a hanya, ruwan ne babu. Yanzu ga ruwa, babu gonar. Na gaji da auna wanne ya fi ciwo.

Gidan da aka kai ni aure gidan Maguzawa ne, babba, a ƙasar Kurfi. Surukina Baba Nomau shi ne mai gida, shi ke riƙe da gandu, wato babbar gonar da duk 'ya'yansa maza ke nomawa tare, kuma shi kaɗai ke buɗe rumbun iri. Mijina Ishaya ne ɗansa na uku. Bakina bai taɓa kiran sunan nan ba yana da rai, yanzu da ya tafi ne nake iya rubuta shi. Baba kuwa bai taɓa ce masa Ishaya ba, Tanko yake kiransa, sunan da ya raɗa masa da bakinsa. Shekara uku kafin waccan shekarar fari, Ishaya ya karɓi Yesu a hannun wani mai bishara, Malam Dauda, da ke zuwa mana a keke. Shi kaɗai ne a gidan. Ni na bi shi coci yadda mace ke bin miji duk inda ya nufa. Waƙoƙin sun yi mini daɗi, matan zumunta suna da kirki, ban dai yi zaton abin zai taɓa shiga tukunyata ba.

Al'adar gidan ita ce, kafin a fitar da iri, sai Baba ya yanka baƙin bunsuru a gindin tsamiyar da ke bayan gida. Kowane ɗa namiji zai dafa bunsurun kafin a sa wuƙa, a yayyafa jinin a kan irin, sannan a raba. Tun da Ishaya ya tuba bai ƙara dafawa ba. A shekarun ƙoshi ba wanda ya damu sosai. Yana da gayaunarsa, wato 'yar gonarsa ta kansa, yana ware irinsa daga ciki, yana kuma yi wa gandu noma ba fashi. 'Yan'uwansa su yi masa ba'a su ce ɗan Lahadi, shi ya yi murmushi, magana ta wuce.

Mata kuwa harkarmu daban ce. Kowace mace tana da gayaunarta da ɗan rumbunta, tsafi ba ya taɓa hatsin mace, kuma ba a leƙa rumbun mace. Ko mijinta bai isa ya ɗaga murfin ba. In ta ce akwai, to akwai. Ni sabuwa ce a gidan, rumbuna bai taɓa cika ba. Na uwar mijina, Inna Tabawa, shi ne abin kwatance. Tsohuwa ce ƙarama, mai kaifin baki da saurin hannu, ta daɗe da fita aikin gandu, daga nata take ci. In ta ga na yi tsiwa sai ta ce, "Wagga yarinya, bakinki ya hi hauyarki kaifi." Ni kuma in sunkuyar da kai in yi dariya a ciki, don na san daga wa zan koya.

Daminar da ta gabaci shekarar farin ba ta yi kirki ba. Gero ya yi tsawo, ya fitar da kai, amma babu ido a ciki, in ka murza zangarniya sai ƙaiƙayi ya cika maka hannu. Muka shiga rani da abin da bai kai rabin na kullum ba. Kafin bazara ta yi nisa mun koma ci sau ɗaya.

Bazarar nan ba irin wadda muka saba ba ce. Tun hantsi ƙasa take ƙona tafin ƙafa. Kaji suna laɓe a gindin randa baki buɗe. Rijiyarmu sai da aka ƙara mata igiya sau biyu, guga ya dawo da rabin laka, mu zuba a tulu mu jira ya kwanta. Da asuba nake fita ɗibar ruwa, in dawo in ɗauki ƙwarya in shiga daji neman yaɗiya da 'ya'yan aduwa, Rahila tana bayana tana zufa, ni ina zufa, zanen goyo ya manne mana. Da rana in daka dusa, in tankaɗe, in sake dakawa, kamar yawan daka zai ƙara mata albarka. Da yamma a yi kunu tsararo a zuba ganye a ciki. Wanda bai taɓa shan kunun dusa ba ba zai san yadda yake kankare maƙogwaro ba, kuma kafin ka wanke ƙwarya yunwar ta dawo ta zauna inda take.

Duk da haka Ishaya bai bari an taɓa irinmu ba. Zangarniyoyi ne zaɓaɓɓu ya ɗaure ya rataye a saman ɗaki inda hayaƙi ke bugunsu. Sau nawa na ɗaga kai na dube su ina haɗiyar yawu.

Ruwan farko ya zo, muka yi murna, muka shuka. Gero ya tsiro ya yi ganye uku, gwanin sha'awa. Daga nan sama ta bushe. Kullum da la'asar hadari ya taso daga gabas, ya yi baƙi, iska ta kaɗa, mu kwashe shanya, sai ya watse ya bar mu da ƙura a ido. Tsiron ya nannaɗe, ya yi ja, ya kwanta. Da sauran irin da ya rage muka yi binne, muka zuba a busasshiyar ƙasa muna fatan ruwa ya tarar da shi. Yayyafi ya sauka, wanda ya isa ya ta da iri amma bai isa ya raya shi ba. Shi ma ya ƙone. Rataya ta saman ɗaki ta zama igiya kawai.

Baba Nomau shi kaɗai ke da sauran iri a duk gidan, domin tsohon manomi ne, yana da dammunan shekarun baya a ƙasan rumbu. Sai magana ta fara yawo a tsakar gida cewa ruwan ya ƙi ne saboda hannun ɗa ɗaya bai hau bunsuru ba. In na zo rijiya matan 'yan'uwansa su yi shiru. Wata rana da la'asar Baba ya tara 'ya'yansa a ƙofar gida ya ce jibi za a sake yanka. Ina bayan danga ina ji.

"Tanko," in ji Baba, "hannu kawai nike so. Ban ce ka ci nama ba, ban ce ka bar zuwa wurin sujadarku ba. Ka dafa yadda 'yan'uwanka za su dafa, ka ɗauke hannunka, ka amshi irinka. Mi ya yi zahi a nan?"

Ishaya yana tsugune, kansa a ƙasa. Ya ce, "Baba, duk aikin da ka sa ni zan yi. Ko rijiya ka ce in haƙa ni kaɗai, zan haƙa. Amma hannun nan na riga na ba da shi."

"To, wanda ka ba shi ya ba ka iri."

Baba bai faɗe ta da fushi ba. Muryarsa ta gaji ne, irin ta mutumin da ya san amsar tun kafin ya tambaya.

Da Ishaya ya shigo ban bari ya zauna ba. Na kwance Rahila na miƙa masa ita. Na ce, "Maigida, ɗauke ta ka ji. Nauyin kaza gare ta. Nonona ya ƙafe tun wancan mako. Hannu ne fa! Ka dafa, ka zo in ba ka toka ka wanke. Allah bai san zuciyarka ba ne?"

Ya riƙe yarinyar ya daɗe yana dubanta. Ya ce, "Ya sani, Saratu. Shi ya sa."

Na zage shi a ranar. Ban taɓa yi ba kafin nan, ban kuma ƙara ba, amma na yi. Na ce masa taurin kai ne ya sa wa rigar addini. Na ce Malam Dauda da ya koya masa wannan yana can yana taka kekensa, ba shi ne zai binne 'yata ba. Mutum ne da in ya ce a'a, sai ka ji kamar an rufe ƙofa a hankali, ba ƙara, amma ta rufu.

Ranar yankan, gari na wayewa, na saci jiki na zagaya bayan gida. Baba yana gindin tsamiya shi kaɗai yana ɗaure bunsurun. Suruka ba ta zuwa gaban suruki haka nan, amma yunwa ta cinye mini kunya. Na durƙusa daga nesa na gaishe shi, na miƙa hannuna na ce, "Baba, ga nawa. In dafa a madadinsa."

Ya juyo ya dube ni, ya dubi goyon da ke bayana. Na ga idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Ɗiyata, hannun mace ba shi shiga wanga sha'ani. Ba ni na ƙirƙiro shi ba, tarar da shi na yi. In na ba Tanko iri bai dafa ba, gobe mi zan ce wa sauran? Tashi ki tahi kar a gan ki."

Na tashi na koma. Na je in ba da imanin da ban ma san ina riƙe da shi ba, aka ce ba a karɓar irin nawa. Kunyar wannan safiya har yau ba ta gama sakina ba.

Aka yi yanka, ruwa bai zo ba. Musulmin Wurma suka fita roƙon ruwa bayan gari, malamansu a gaba, riguna a juye. Mu ma muka taru a 'yar bukkarmu ta zana da muke sujada a ciki, mu kaɗan, muka yi azumi, ko da yake ban ga bambancinsa da sauran kwanakinmu ba. Sai bayan kwana tara, da la'asar, hadari ya taso bai watse ba. Ya zuba har kwari ya cika, kwaɗi suka fito daga inda ban san suna ɓoye ba. Kowane ɓangare ya ce nasa roƙon aka amsa. Ga wanda ba shi da iri, ruwan sama wanka ne kawai.

Washegari tun kafin rana ta fito gida ya watse, kowa ya nufi gona da ƙwaryar iri. Lokaci ya riga ya ƙure, wanda bai shuka a wannan ruwan ba ya yi ban kwana da gero sai baɗi. Ina zaune a bakin ƙofa sai na ga Ishaya ya ɗauko sungumi ya saɓa.

Na ce, "Ina za ka?"

"Gona."

"Me za ka zuba? Tsakuwa?"

Ya ce, "Ni dai sara ce tawa." Ya wuce.

Na bi shi, ba don in taimaka ba, sai don in jawo shi gida kafin a taru ana yi mana dariya. Yadda ake shuka, namiji yana gaba yana sara rami da sungumi, mace tana biye tana jefa iri tana rufewa da diddige. Ishaya ya kama layi ya fara sara, taku ɗaya sara ɗaya, har ƙarshen gona, ya juyo ya kama wani. Ba kowa a bayansa. Ramuka suna ta buɗe baki a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na zauna a gindin gawo, shi kuma gawo da damina ba ganye gare shi ba, ko inuwa ban samu ba. Daga gonar gandu ana hango mu. Na ji wani ya yi shewa. Na rufe fuska da gefen zane na yi kuka, na baƙin ciki da na haushi a haɗe.

Ya yi layi wajen goma sha biyu sai na ji tari a bayana. Inna Tabawa ce, da babbar ƙwarya a ka, an rufe da faifai. Ta sauke da ƙyar ta buɗe. Gero ne sussukakke, tas, cike har baki.

Ta ɗaga murya ta ce, "Kai Tanko! Wanga gerona ne, na gayaunata. Bai ga wuƙa ba, bai ga jini ba. Ko shi ma Yesun naka ya hana?"

Ishaya ya yar da sungumi ya zo ya tsuguna a gabanta. Ya ce, "Bai hana ba, Inna. Amma ke fa? Me ya rage miki?"

"Rumbuna ne ko naka?"

Ya sunkuyar da kai.

"To tashi ka yi sararka, ƙasa tana shan iska." Ta juyo kaina. "Ke kuma mai baki, kuka kika zo shukawa? Kama wancan layi."

Haka muka yi. Shi a gaba, ni da ita a baya, muna jefawa muna takewa. Diddigenta ƙarami ne, duk ya tsage, amma ba ta tsallake rami ko ɗaya ba. Kwana biyu muka yi muka gama. A rana ta biyu Baba ya bi ta gefen gonar, ya tsaya ya dubi matarsa tana shuka a bayan ɗan da ya hana wa iri. Bai hana ba, domin hatsin mace ba hurumin mai gida ba ne. Na ga dai ya daɗe a tsaye kafin ya wuce.

Ruwa ya zauna daga nan, ba da yawa ba, amma ya zauna. Sai aka shiga watannin da suka fi kowanne wuya, lokacin da gona ta yi kore shar, ciki kuma babu komai. Noman farko muka yi shi muna hutawa a kowane layi. In ka sunkuya ka ɗago sai ka ga duhu da taurari. Tafasa ta fito, muka koma kanta, mu dafa mu matse mu ci da ɗan gishiri, ba ƙuli ba mai. Ishaya yana yi wa gandu noma da safe don ya samu kunun da ake ba masu hauya, ya sha rabi ya kawo mana rabi, da yamma ya shiga tamu gonar. Ran Lahadi mu je bukka mu yi waƙa a zaune, don tsayuwa tana sa jiri.

Ɗakin Inna yana kusa da namu. Kullum da la'asar muna jin dakanta, muna ganin hayaƙinta ya tashi. In Ishaya ya tambaye ta, ta ce, "Na ci, na ƙoshi. Ka ji da iyalinka." Shi namiji ne, ya ji ƙarar turmi ya ga hayaƙi, hankalinsa ya kwanta. Ni kuwa mace ce. Na san ƙarar turmin da ke da hatsi a ciki, na san ta wanda babu. Na ga zanenta ya fara zagaye ta har ya yi saura. Na ga ƙafafunta sun kumbura, in ta taka laka sawun ya fi na da faɗi. Na gani, na kawar da kai. Na ce wa raina ai ba a leƙa rumbun mace. Gaskiyar ita ce ina tsoron abin da zan tarar, domin in na tarar, dole in raba kunun Rahila uku.

Gero ya fara fitar da kai ranar da Inna ta faɗi a hanyar rijiya. Aka ɗauko ta aka kwantar. Na ce bari in dama mata kunu mai kauri, na nemi hatsi a ɗakinta ban samu ba. A cikin turminta ƙaiƙayi ne, an daka shi har ya zama gari. Baba yana tsaye a bakin ƙofa. Ya ce, "Ke mace ce. Hau ki duba."

Na jingina tsani na hau na ɗaga murfin. An share cikin rumbun tas, har sawun tsintsiya yana nan. Ko ƙwaya ɗaya babu. Abin da ta kawo mana a ƙwaryar nan shi ne duk abin da take da shi.

Na juyo na dube su daga kan tsanin. Baba ya gane. Ya juya ya tafi rumbun gandu da kansa, ya ɗebo gero bai auna ba, ya zube a gabana ya ce in dama. Na dama, na sa tsamiya, na ba ta a ludayi. Cikinta ya ƙi karɓa. Ishaya ya ce zai nemo jaki a kai ta asibiti Dutsin-Ma, ta ce ba inda za ta, ba za ta bar gero ya nuna a bayan idonta ba.

Ta yi mako uku a kwance. Kullum Ishaya ya dawo daga gona ya zauna a bakin ƙofarta, ta tambaye shi ina gero ya kai, ya gaya mata. Ran da zangarniyar farko ta isa tumu, ya karyo ta, ya gasa a wutata, ya murza a tafin hannu, ya hure ƙaiƙayin, ya kai mata da ɗuminsa. Ƙamshin sabon gero ya cika ɗakin. Ba ta iya taunawa ba. Ta sa yatsa ta juya ƙwayoyin a hannunsa.

Ta ce, "Ya yi ido?"

"Ya yi, Inna."

"To madalla." Ta huta, numfashinta yana fita da ƙyar. Sannan ta ce, "Tanko, ni ban san Yesun nan naka ba, kuma na tsuhwa da koyon sabuwar hanya. Amma tunda kuna magana da shi, ka gaya mashi irin nawa ne."

Ishaya ya kifa kai a kan gwiwarsa, kafaɗunsa suna rawa. Ta ce, "Kai, ban son sakarci. Aike na ba ka."

Kwana shida bayan nan ta rasu, ana saura kaɗan a fara girbi. Aka binne ta yadda suke yi. Ishaya ya shiga ramin, shi da 'yan'uwansa, suka yi haƙa tare, ba wanda ya ce masa ɗan Lahadi.

Mun samu gero, ba mai yawa ba, amma ya kai mu wata damina. Rahila ta yi kumari. Ranar godiyar kaka kowa ya kawo abin da ya samu gaban coci, Ishaya ya ɗauko dami guda ya ajiye. Malam Dauda, da zuciya ɗaya, ya ce ɗan'uwa Ishaya ya tashi ya ba da shaida, jama'a su ji yadda Ubangiji ke saka wa wanda ya tsaya. Ishaya ya miƙe. Ya daɗe a tsaye yana duban damin har mutane suka fara gyara zama. Sai ya ce, "Irin Inna ne." Ya koma ya zauna. Aka jira ko zai ƙara, bai ƙara ba. Wata daga cikin matan zumunta ta ta da waƙa don a rufe shirun.

Haka ya riƙa yi kowace kaka har ƙarfinsa ya ƙare. Ya ajiye dami, ya faɗi kalmomin nan uku a hankali, ya koma wurinsa. Bai taɓa fashin sujada ba, bai kuma taɓa yarda a kafa misali da shi ba. In baƙon mai wa'azi ya fara yabonsa, sai ya tashi ya fita waje kamar tari ya kama shi.

A ciwonsa na ƙarshe, wata rana da hantsi ina ba shi kunu, na yi masa tambayar da na riƙe shekaru. Na ce, "Maigida, da ka san abin da zai biyo baya, da ka dafa bunsurun?"

Can ya ce, "A'a. Amma da na sani, da na hau rumbun nan na duba, ko duk gari za su zage ni."

Na sake miƙa masa ludayin. Shi bai sani ba. Ni ce na san ƙarar turmin, kuma har ya tafi ban gaya masa ba.

Yanzu aiken ya dawo hannuna. Ba ni da dami da zan kai gaban coci, gwiwoyina ma ba sa son durƙuso, kuma akwai safiyar da nake tashi ba na jin ko kalma ɗaya ta addu'a a bakina. Amma ina yi. In na gama jero sunayen 'ya'ya da jikoki, sai in ce wa Yesu, ka tuna irin na Inna Tabawa ne, kuma ni na ji turmin na yi shiru. Ban taɓa tambayar fasto ko ya halatta a yi wa wadda ba ta tuba ba irin wannan addu'a ba. Ina tsoron ya ce a'a, ni kuma ba zan daina ba.